Likitan Dabbobi: 'Yar kyanwa mai tafiya kamar mai jiri

Tambaya: Likita, magen gidanmu ta haifi huɗu, yanzu watansu biyu. Uku suna ta guje-gujensu, ɗayar kuwa tun da ta fara tafiya sai tangaɗi, ƙafafu a wawware. In za ta sha ruwa kanta ya yi ta rawa har ta tsunduma hanci a kwano. Maƙwabciyata ta ce iska ce, in kai ta bola. (Uwargida daga Gusau)

Amsa: Hajiya, kada ki kai ta bola. 'Ya'yan kyanwa kan fara tafiya wajen sati 3, kuma kowacce sai ta ɗan yi layi kafin ƙafarta ta tsaya. Amma wadda ta kai wata biyu a haka, tana ci, tana wasa, abin kuma bai ƙaru ba, mafi yawa wani sashe ne na ƙwaƙwalwa, can wajen ƙeya, wanda ke daidaita motsi, bai gama girma ba. Abin da ya fi jawo shi ƙwayar wata cutar kyanwa ce mai suna fanlukofeniya, idan ta kama uwar da ciki, ko ta kama jaririyar a kwanakinta na farko. Shi ya sa za ki ga ɗaya ta taɓu, 'yan'uwanta lafiya lau.

Ba ya warkewa, ba ya kuma ƙaruwa, ba zafi take ji ba. Na sha ganin irinsu sun tsufa a gida, suna bin bango suna kai kansu inda suke so. Ki sa mata abinci a kwano mai nauyi wanda ba zai kife ba, ki shimfiɗa tabarma a kan tayil, kuma a rufe rijiya. Rigakafin fanlukofeniya ana fara yi wa 'ya'yan kyanwa daga sati 6 zuwa 8, amma kada a yi wa mage mai ciki sai likita ya zaɓi irin allurar.

Tambaya: Na ga ƙuma a jikin 'yar kyanwata, na ɗan shafa mata ota-fiya-fiya. Da yamma ta fara karkarwa, miyau na dalala, ta kasa tsayuwa. (Matashi daga Maraɗi)

Amsa: Malam, wannan guba ce, ba ta jiran gobe. Wanke ta da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke, ka tsane ta, ka naɗe ta a zane, ka nufi asibitin dabbobi. Kada ka ɗura mata manja ko madara, tana iya shaƙewa. Maganin ƙumar kare ma, mai sinadarin fametirin, yana kashe kyanwa. Na gaji da maimaita wannan.

Tambaya: Tawa kanta ya karkace gefe guda, tana zagaye tana faɗuwa, tana yawan sosa kunne. In ba ta farasitamol? (Ɗaliba daga Zariya)

Amsa: A'a, ko ɓari guda yana iya kashe ta. Ki leƙa kunnen: in kin ga baƙin datti kamar garin gawayi, ko ruwa mai wari, to ciwon ya shiga ciki ne, inda jiki ke gane sama da ƙasa. Wannan yakan ji magani, amma sai an duba ko fatar gangar kunne ta fashe kafin a ɗiga komai. Idan kuwa tsintar ta kika yi a titi, ko kare ya taɓa cizon ta, ga shi halinta ya canza tana kai cizo, ki kulle ta a ɗaki, a kira likita, don ciwon haukan kare yana kama kyanwa. Wanda ta ciza ko ta yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya je asibiti a ranar.