Tambayoyinku: Me Ya Sa Walƙiya Da Taurari Ba Sa Fitowa A Hoton Wayata?

Tambaya: Malam barka da aiki, ni daga Zariya nake. Tun da damina ta sauka nake ƙoƙarin ɗaukar hoton walƙiya da wayata amma kullum sai ta riga ni, kafin na danna ta wuce sai dai na samu baƙin hoto. Taurari ma haka, ido yana gani amma waya ba ta gani. Ko sai na sayi babbar kyamara ne?

Amsa: Ɗan'uwa ajiye kuɗinka tukuna, mu fara da wayar da ke hannunka. Abin da nake so ka fara cirewa a ranka shi ne wai da saurin yatsa ake kama walƙiya, ba haka ba ne. Yawanci walƙiya ba ta cika daƙiƙa ɗaya, kafin idonka ya gani, yatsanka ya taɓa gilashi, wayar kuma ta tsaya neman fokas a cikin duhu, ai an gama komai. Waɗancan hotunan masu kyau da kake gani a Instagram tarko aka ɗana mata, wato ana buɗe idon kyamara ne a bar shi a buɗe na wasu daƙiƙu, duk walƙiyar da ta gifta a cikin lokacin ita da kanta za ta zana kanta a hoton.

Toh ga yadda za ka yi. Shiga kyamara ka nemi inda aka rubuta Pro, Samsung suna da shi, Tecno da Infinix da Redmi da yawa ma suna da shi, in taka ba ta da shi gwada manhajar Open Camera kyauta ce a Play Store, amma fa sai in wayar ta yarda a sarrafa ta da hannu. A nan za ka ga harafin S, shi ne tsawon lokacin da idon kyamarar zai zauna a buɗe, wasu wayoyin suna kaiwa har daƙiƙa 30. Fara da daƙiƙa 4 zuwa 8. ISO kuma, wato ƙarfin karɓar hasken kyamarar, ka sauke shi ƙasa can, 50 ko 100, domin walƙiya haskenta ya ishe ta, in ka ɗaga ISO hoton fari fat zai fito ba ka ga ko reshe ɗaya ba. Sai fokas, cire shi daga na kai-da-kai ka ja shi zuwa nesa inda ake sa alamar dutse, wannan ɗin mutane da yawa ke mantawa shi ya sa walƙiyarsu ke fitowa dishi-dishi.

Amma duk wannan aikin banza ne in wayar tana hannunka. Ko numfashi ka yi hoton ya lalace. Sayi ɗan sitan mai ƙafa uku irin na masu yin bidiyon TikTok, ko ka jingina wayar a bakin taga ka tokare ta da littattafai, ka sa taima na daƙiƙa 2 ko 3 don kada dannawar ta girgiza ta. Daga nan sai haƙuri, ka yi ta ɗauka ɗaya bayan ɗaya ba tsayawa, yawancinsu baƙaƙe za su fito ka goge abinka, guda ɗaya mai kyau kake nema kuma wallahi ranar da ka same shi za ka manta da wahalar. Ka lura kuma da ɓangaren da hadarin yake, a ƙasar Hausa yawanci daga gabas yake tasowa, kuma lokacin da ya fi shi ne yana can nesa bai iso ba ko bayan ya wuce yamma, domin in ruwa ya kece sama takan yi fari ne kawai, rassan walƙiyar ba sa fitowa. Ka saka bishiya ko hasumiyar masallaci a ƙasan hoton, ya fi a ga sama tsura.

In da sauran hasken rana wannan dabarar ba za ta yi ba, hoton zai ƙone, sai dai ka ɗauki bidiyo ka ciro hoto daga ciki. Wani lokaci za ka ga rabin hoton da haske rabi duhu, ba lalacewa wayar ta yi ba, kyamarar waya layi-layi take karanta hoto daga sama zuwa ƙasa sai walƙiyar ta zo a tsakiyar karatun.

Taurari kuma akasin haka ne, haskensu kaɗan ne, don haka ISO sama za ka kai shi, 800 zuwa 1600, S kuma daƙiƙa 15 zuwa 20. Kada ka wuce haka sosai, duniya juyawa take digiri 15 a kowace awa, in ka daɗe taurarin za su zama 'yan layuka maimakon ɗigo. Masu iPhone daga 11 zuwa sama in kun ɗora ta a sitan tsarin dare yana ba da har daƙiƙa 30, masu Pixel kuma tun 2019 suna da tsarin taurari wanda ke ɗaukar kamar minti 4 yana haɗa hotuna da kansa. Abin da ya fi saiti muhimmanci shi ne duhu. Duba kwanan watan Musulunci, daga 27 zuwa 3 ga wata shi ne lokacinka, daren 14 ko 15 farin wata zai shafe maka komai. Hazon hunturu ma yana ɓoye su, dare mafi kyau shi ne wanda aka yi ruwa ya wanke ƙura gari ya washe, a irin wannan daren tsakanin Yuni da Satumba in ka dubi kudu a wuri mai duhu za ka ga wani farin zane ya ratsa sama, tarin taurarin da duniyarmu ke cikinsu ne, kuma waya tana iya ɗaukarsa. Taurarin nan Kaza da 'ya'yanta kuma sai wajen Nuwamba zuwa Fabrairu da farkon dare. Manhajar Stellarium za ta nuna maka inda kowanne yake. Dan Allah kada ka ce za ka fita daji kai kaɗai da dare don neman duhu, ka san halin da ake ciki, tsakar gida lokacin da aka ɗauke wuta ma ya isa ka koyi hannu.

Tambaya: Malam mamata ta hana ni ɗaga waya in ana hadari wai waya tana jawo aradu, gaskiya ne? Daga wata ɗaliba a Maradi.

Amsa: 'Yar'uwa ki bi maganar Mama. Ita wayar a kan kanta ba ta jawo aradu, amma inda mai ɗaukar hoto ke tsayawa shi ne matsalar, saman bene, fili, ƙarƙashin bishiya, ga sitan na ƙarfe a gabansa. Wayar da ke jone da caji a bango ma a cire ta, aradu na iya biyo wayar wuta. Ki riƙe wannan lissafin, ƙara tana tafiyar kilomita 1 a cikin kamar daƙiƙa 3, in kin ga walƙiya ki ƙirga har ki ji tsawa, in bai kai 30 ba to tana cikin kilomita 10 kuma tana iya kaiwa inda kike, ki shige ɗaki, kada ki fito sai an yi minti 30 da jin tsawar ƙarshe. Ni shawarata ga duk mai koyo, ya ɗauka daga cikin ɗaki ta taga ko daga cikin mota a rufe, a kashe fitilar ɗakin a matso da kyamarar jikin gilashi don kada inuwa ta fito. Babu hoton da ya kai ran mutum, wannan maganar da gaske nake yinta.

Tambaya: Farin wata kuma fa, kullum kamar ƙwan lantarki yake fito min.

Amsa: Saboda wayar duhun da ke kewaye da shi take aunawa sai ta ƙara haske. Wata hasken rana ne ke dukansa, don haka saitin rana yake so, ISO 50 ko 100, S kuma gajere sosai, ƙasa da daƙiƙa ɗaya can nesa, ko kuma ka taɓa shi a gilashi ka ja hasken ƙasa har sai ka fara ganin tabon jikinsa. Zum ɗin da ya wuce na ainihin gilashin kyamarar ba ya ƙara komai sai dishi, gara ka ɗauka haka ka yanke hoton daga baya.