Tambaya da Amsa: Ina ruwan ɗalibar noma a Maraɗi da kiranberi na daji?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya ya aiki. Ni ɗaliba ce ina karatun aikin gona a jami'a nan Maraɗi, an ba mu aikin da za mu gabatar a aji a kan wani ɗan itace wai shi kiranberi, yadda masana ke auna bambancin irinsa na daji ta hanyar ADN. Wallahi Malam ban taɓa ganinsa ba ko a babbar kasuwa, kuma ba ya fita a ƙasarmu, to mene ne amfanin wannan karatu gare mu? Kuma ta yaya ake gane bambancin tsirrai biyu da ido ke gani iri ɗaya? Nagode. Daga wata ɗaliba, Maraɗi.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba da sa'ar karatu. Gaskiyarki, kiranberi ba namu ba ne kuma ba zai yi a nan ba, ɗan itace ne ƙarami ja mai tsami sosai, yana yaɗo a ƙasa cikin fadamu masu sanyi da ƙasa mai tsami a gabashin Kanada da arewa maso gabashin Amurka, masana na ce masa Vaccinium macrocarpon. Amma kar ki raina aikin nan dan Allah, tambayar da ke cikinsa tamu ce.

Abin da ya sa masana suka damu da na daji shi ne nomansa bai daɗe ba. Wajen 1816 ne wani mutum Henry Hall ya fara nomansa a jihar Masacusets, kafin nan tsinto shi ake a daji, ƴan asalin ƙasar sun daɗe suna ci. Irin da suka yi suna a ƙarni na 19, su Early Black da Howes da McFarlin, duk wani ne ya ga tsiro mai kyau a fadama ya yanko ya dasa. Kuma ba da ƙwaya ake shuka shi ba, reshe ake yanka a dasa kamar yadda muke yi da rogo, ke nan gona guda sukutum tana iya zama tsiro ɗaya ne aka yi ta maimaitawa, in cuta ta fi ƙarfin ɗaya to ta fi ƙarfin duka. Hakan ta so faruwa, wata cuta mai lalata fure wadda wani ɗan ƙwaro ke yaɗawa ta addabi gonaki har ma'aikatar noma ta Amurka ta fara shirin haɗa iri a 1929, daga nan aka samo irin Stevens da aka fitar a 1950, wanda har yau yana cikin waɗanda aka fi nomawa musamman a Wiskonsin, jihar da ke fitar da fiye da rabin kiranberin Amurka.

Yanzu ga tambayarki ta biyu, kuma a nan nake so ki tsaya sosai a gaban aji. Ido yana yaudara, tsiro ɗaya in ya samu ruwa da taki sai ya yi wata kama, in ya sha wuya ya yi wata, suna kuma ya fi ido yaudara. Shi ya sa ake zuwa ga ADN, wato sinadarin gado da ke cikin kowane mai rai, wanda ake karantawa kamar jerin haruffa. Mai bincike zai shiga fadama ya tsinki ɗanyen ganye nan, ya yi tafiya mai ɗan nisa ya tsinki wani (dole ya ba da tazara, in ba haka ba yaɗon tsiro ɗaya zai yi ta tsinka yana zaton da yawa ne), ya busar, a labo a niƙa a fitar da ADN. Ba duka ake karantawa ba, akwai wasu gurabe da haruffa biyu ko uku ke maimaita kansu a jere, misali GA GA GA, a wannan tsiro sau 12 a wancan sau 15, su ake kira SSR. Wata na'urar labo mai suna PCR ke ninka gurbin har ya yi yawan da za a auna tsawonsa. In an duba gurabe da yawa kowane tsiro zai fito da tasa shaidar, a ga waɗanda suke dangi na kusa, da fadamar da ke da bambanci mai yawa, da wadda duk zuriyar tsiro kaɗan ce.

Binciken farko-farko ya nuna bambancin na dajin ba shi da yawa, aka danganta hakan da zamanin ƙanƙara da ya takura tsiron a ƴan wurare, ga shi kuma yana iya barbarar kansa. Da aka zo da SSR wanda ya fi gani dalla-dalla sai aka tarar akwai bambanci fiye da yadda aka zata. Abin da ya fi ba ni mamaki kuwa a gonaki ne, an samu tsirran da manoma ke kira da suna ɗaya alhali ADN ya nuna ba iri ɗaya ba ne, wasu tsirran sun kutsa sun cakuɗe tsawon shekaru ba wanda ya lura.

To ƙanwata ki juyo gida. Manomi a Gidan Runji ko Madarunfa zai ce miki geronsa Zango ne, wani a Tasawa shi ma ya ce Zango ne, shin ɗaya ne? Ga shibra da muke tugewa a gona saboda tana zubar da ƙwaya, ita ɗin haɗuwar geron gida ne da danginsa na daji. Da irin waɗannan alamomi na SSR masana na IRD, wata cibiyar bincike ta Faransa, da abokan aikinsu na Nijar suka gwada geron da aka tattara a ƙauyukanmu a 1976 da wanda aka sake tattarawa a ƙauyukan nan dai a 2003, suka ga bambancin irin bai zube ba amma geron ya koma saurin fitar da kai, wato ya bi gajarcewar damina bayan shekarun fari. Ni a ganina wannan kaɗai ya isa a daina yi wa irin gargajiya kallon abin baya, a rumbunan manoma aka yi wannan gyaran.

Shawarata ki fara da kiranberin kamar yadda aka ce ki yi, ki zana misalin GA ɗin nan a allo don kowa ya gani, sannan ki kawo maganar gero. In kin samu sarari ki leƙa tashar INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta Nijar, da ke Tarna ki nemi masu aikin gero su nuna miki yadda suke ware iri kamar HKP da Zatib don kada su cakuɗe, ki tafi da littafin rubutu.