Amsa ga Ƙanwata ta Kaduna Game da Kiɗan Biki a Zangon Kumasi

Ƙanwata Hajiya, bayan gaisuwa mai yawa da ban gajiyar biki, ina fatan amarya ta fara sabawa da ɗakinta.

Daren da muka dawo daga kai amarya Unguwar Rimi, muna zaune a tsakar gidanki a Tudun Wada yara suna kwashe kwanuka, na nuna miki bidiyon bikin da muka yi a Kumasi bara, kika daɗe kina kallo kafin kika yi mini tambaya biyu. Kin tambayi dalilin da ya sa har yanzu muke ɗauko makaɗa su tsaya a gaban mata da gangunansu, alhali a nan Kaduna na'ura ta karɓe wannan aiki, sannan kika ce gangar da kika ji ba ta yi miki kama da ta Hausa ba. Gajiya ba ta bar ni na amsa miki yadda ya kamata ba a daren, tambayar kuwa ta cancanci a zauna mata, domin mahaifinki da nawa ciki ɗaya suka fito, kuma ba don dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a Ghana ta tayar da Baffa, mahaifinki, daga Kumasi a ƙarshen 1969 ba, da ke ma a cikin wannan kiɗa kika buɗe ido.

Kin san kakanninmu Agalawa ne, fataken goro, waɗanda suke barin ƙasar Kano da ayarin jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su shafe watanni a hanya kafin su isa Salaga a ƙasar Gwanja. Yaƙin basasar da aka yi a 1892 ya watsa kasuwar Salaga, fatake suka bazu zuwa Karaki da Yeji da Kintampo, kuma bayan Turawa sun ci ƙasar Tonawa, wato Asante, sai da yawansu suka gangara Kumasi suka zauna kusa da inda goron yake fitowa. A zangon da suka kafa, Bahaushe bai taɓa zama shi kaɗai ba. Ga Dagomba, ga Mosi, ga Wangara da Zabarmawa da Kotokoli da Fulani da Yarabawa, kowa da harshen gidansu, amma Hausa ce ake ciniki da ita, ake wa'azi da ita, ake neman aure da ita. Fiye da shekara ɗari ana auratayya a tsakanin waɗannan mutane a unguwannin zango irin su Yalwa da Aboabo da Asawase, don haka da wuya ki sami gidan da bikinsa zai tara dangi masu asali guda.

Ginshiƙan auren dai ba su bambanta da naku ba. Ana kai goron gaisuwa, a yanka sadaki, a kawo lefe, a sa amarya a lalle kwana biyu ko uku kafin ɗaurin aure, alwanka ta yi mata wanka, a kai ta da dare, daga baya a yi buɗar kai. Abin da kuke kira anko mu yayi muke ce masa. Ku kun fi ɗaura aure bayan sallar Juma'a ko ranar Asabar, mu kuwa safiyar Lahadi ce tamu, saboda ita ce ranar da ma'aikaci yake hutawa, 'yar kasuwa kuma take iya barin rumfarta ba tare da ta yi asara ba. Da maza sun shafa fatiha an raba goro da alewa, sai a fito da wace, wato shinkafa da wake da muke dafawa da karan dafi har ta yi ja, da tuwon shinkafa da miyar gyaɗa, daga nan kuma yinin ya koma hannun mata.

Bayan azahar ake kafa rumfuna a ƙofar gida, a jera kujerun roba a kewaye fili, mata su zauna rukuni rukuni, dangin uwa da nasu yayin, dangin uba da nasu, ƙawayen adashi da nasu. Makaɗan da kika gani mafi yawansu Dagomba ne. Gangar da suke maƙalawa a hammata sunanta lunga, 'yar'uwar kalangu ce, ana matsa igiyoyin fatarta da dantse murya ta hau, a saki ta sauka, sai dai ta fi kalangu girma da kauri na amo, kuma ana raka ta da wata babbar ganga da suke kira gungon, wadda take da zare a kan fatarta mai sa sautin ya riƙa kakkarwa. Wannan kakkarwar ce kunnenki bai saba da ita ba. Wani lokaci a zo da masu goge, wanda su suke kira gonje, kuma sunan kansa ya isa ya nuna miki cewa an daɗe ana aron juna tsakaninmu da su. A ƙasar Dagomba makaɗi shi ne ma'ajin tarihi, tun yana yaro ake koya masa sunayen sarakuna da na gidaje, kuma waɗanda suka zauna cikinmu sun ɗora wannan horo a kan mutanen zango, har suka san rawar kowace ƙabila da taken kowane babban gida, wasu taken ma da Hausa ganga take faɗarsu.

Saboda haka aikinsu ya wuce sa mutane rawa. Makaɗa ba sa tsayawa wuri guda su yi ta duka. Suna zagaya fili ne, maroƙi yana gabansu, su tsaya a gaban mace guda, ya kira sunan ubanta da na kakanta da garin da suka fito, ganga ta ɗauki takensu, sannan ta miƙe ta shiga fili ita kaɗai, 'yan'uwa da ƙawaye su biyo ta suna manna mata kuɗi a goshi, yaron makaɗa yana tsincewa. Ta taka na ɗan lokaci ta koma ta zauna, a wuce ga ta gaba. Baƙuwar da ta zo wannan wuri ba ta san kowa ba, kafin magariba za ta san wace ce 'yar wa, wane gida ne ya haɗa jini da wane, wa ya fito daga Katsina, wa ya fito daga Gobir ko Yendi. Ku a Kaduna ba ku da buƙatar a tuna muku wannan a bainar jama'a, domin wanda yake son ganin garin kakansa zai shiga mota a Kawo da safe ya yi azahar a can. Mu kuwa da yawa cikin 'ya'yanmu ba su taɓa taka ƙasar Hausa ba, Hausar bakinsu ma ta sha ruwan zango, suna cewa ya zo ko da mace suke nufi, kuma filin biki yana cikin 'yan wuraren da suka rage inda yaro zai ji an ambaci asalinsa da ƙarfi a gaban mutane.

A bikin nan na bara, Gwaggo tana zaune a bakin rumfa, sandarta a jingine da gwiwa, ta riga ta ce mana ƙafa ba za ta bar ta ta tashi ba. Tsohon maroƙin unguwarmu ya zo ya durƙusa a gabanta, ya ɗaga hannu makaɗa suka sassauta, ya fara jero sunaye tun daga mahaifinta har zuwa madugun da ya shigo da ayarinmu Gwanja, a tsakiya kuma ya ambaci sunan Baffa, ya ce shi ne wanda ya koma gida. Na ga leɓenta yana motsi tana bin sunayen ɗaya bayan ɗaya. Ta dafa kafaɗata ta miƙe, ta yi taku uku ko huɗu, hawaye yana bin fuskarta, aka rangaɗa guɗa, ta kwance bakin zanenta ta ciro kuɗin da ta ƙulle ta ba shi. Da dare jikata mai shekara tara ta zo ta tambaye ni wane ne wanda ya koma gida, kuma a wannan daren ne ta fara sanin tana da dangi a Kaduna. Mai sa kiɗa da na'ura, komai kyawun kayansa, bai san Gwaggo ba, kuma ba zai iya ganin fuskarta ya sassauta ko ya ƙara ba.

Na san abin da yake ƙarƙashin tambayarki, wato maganar addini, kuma ba zan kauce mata ba. Kun tashi a garin da Shaihu Abubakar Gumi ya yi shekaru yana karantarwa a Masallacin Sultan Bello, gidaje da yawa suka ajiye kiɗa suka koma walima da wa'azi, kuma na ga yadda walimar 'yarki ta yi kyau da natsuwa. Mu ma muna da gidajen Ahlussunna da ba a buga ganga a ƙofarsu, muna da gidajen Tijjaniyya da suka fi son a kira masu bege, kuma kowa yana halartar bikin kowa. Malamai sun saɓa a kan kayan kiɗa, ni kuwa ba malama ba ce, amma na karanta a cikin Buhari cewa da aka kai wata amarya gidan wani mutumin Madina, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambayi Nana A'isha ko ba su tafi da abin wasa ba, domin Ansaru suna son wasa. Abin da yake damuna a bikinmu shi ne cakuɗuwar samari da 'yan mata idan dare ya yi, da gasar liƙi da take jefa mace cikin bashi don kada a ce ta gaza, da barin la'asar ta wuce ana fili. Waɗannan kuwa na gan su a inda ake ganga, na kuma gan su a ɗakunan taron da lasifika kaɗai ke aiki, a Kumasi da Kaduna duka. A gidanmu mun tsayar da cewa makaɗa suna ajiye ganga idan an kira salla, kuma ana tashi kafin magariba.

Kada ki ɗauka kuma mun yanke da kiɗan gida. Mahaifina yana da rediyon da yake kamo Kaduna da ita da dare a gajeren zango, yana juya eriya har sai kalangu ya fito sarai, kuma daga wannan gidan rediyo naku, wanda aka buɗe a 1962, iyayenmu mata suka riƙa jin kiɗan ƙwarya da amada suna kwaikwayo a daren lalle. Har yanzu a wannan dare, idan an rufe ƙofa babu namiji, tsofaffi sukan kifa ƙwarya a cikin ruwa su buga, sai dai masu iya waƙoƙin sun ragu ƙwarai. Makaɗan fili ma haka, domin ɗaukar na'ura ya fi sauƙin kuɗi, 'ya'yansu kuma da yawa sun kama wasu sana'o'i.

Bikin autata yana nan bayan babbar salla in Allah ya kai mu, kuma na riga na ware miki yayinki da na 'yan matanki. Ina roƙon abu biyu kafin ki taso. Idan akwai matan da suka iya kiɗan ƙwarya a Tudun Wada ko a Zariya, ki ɗauko mini muryarsu a waya domin 'yan matanmu su koya. Sannan ki zauna da Baffa tun yana da ƙarfin magana, ki rubuta sunan ƙauyen da madugun nan ya taso a ƙasar Kano da sunan mahaifinsa, domin maroƙinmu ya tsufa, lissafinsa kuma a kan madugun yake tsayawa, ina so in ba shi sauran kafin ranar. Ki gaishe mini da Alhaji da yara.