Kawu, ta wace ƙofa ake shiga sojan ƙundumbala?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Kawu, ya aiki ya iyali. Ni ɗan shekara 19 ne daga Gusau, bara na gama sakandare, kuma wallahi tun da ɓarayin daji suka tashi ƙauyen kakanninmu ba ni da wani buri sai na zama sojan ƙundumbala irin waɗanda ake turawa cikin daji. Yau wata biyu kenan kullum ina gudun kilomita 10 da rana tsaka da jaka cike da yashi a bayana don in saba da wahala, to amma yanzu ƙwaurina na dama ciwo yake, akwai wani waje da in na danna sai in ji kamar an soka min allura. Abokina ya ce in dinga shan tramol kafin in fita zan daina ji. Sannan akwai wani mutum da ya ce in kawo dubu 300 zai sa sunana kai tsaye cikin na musamman ɗin ba sai na bi layi ba. Dan Allah Kawu a ɗora ni a hanya. Ɗanka daga Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan waɗanda aka rasa, ya mayar da mutanenku gidajensu lafiya. Na karanta wasiƙarka sau biyu kuma gaskiya hankalina ya tashi, don haka kafin komai ga abu na farko: daga yau ka ajiye jakar yashin nan, ka daina gudun, ka je asibiti a duba ƙafar. Ciwon da yake tsayawa waje ɗaya a kan ƙashi har kana iya nuna shi da ɗan yatsa ba gajiyar nama ba ce, sau da yawa tsagewar ƙashi ce ƴar siririya da ke zuwa in an ɗora wa ƙafa aikin da ba ta kai ba. In ka huta da wuri makonni shida zuwa takwas kan isa ta haɗe, in ka ci gaba da taka ta kuwa wata rana ƙashin na iya karyewa gaba ɗaya kuma shi kenan an rufe maganar soja. Wani lokacin ma hoton farko ba ya nuna ta, saboda haka ko an ce ba a ga komai ba kar ka ce ai lafiya lau ka koma fili.

Tramol kuma, abokinka ba sonka yake ba ko da shi yana ganin taimako ne. Ciwo shi ne ɗan aiken da jiki ke turo maka, tramol kashe ɗan aiken kawai yake yi, ɓarnar tana nan tana ci. Ga kama mutum da yake yi ya zama ba ya iya tashi sai da shi, ga farfaɗiya da yake jawowa in an zarce. Kuma ana gwajin ƙwaya wajen tantancewa, fitsarinka ne zai tona ka.

Sai mutumin dubu 300. Ɗan damfara ne, ban ma tsaya tunani ba. Fom ɗin shiga soja a kurtu kyauta ne a shafin intanet na rundunar, kuma babu wata ƙofa da farar hula ke bi ya faɗa cikin sojoji na musamman kai tsaye, babu ita sam. Sai ka fara zama soja tukuna. Ko dai ka shiga a kurtu ka je Dafo na Zariya, wanda tun 1924 yake horar da kurata, ka yi wajen wata shida ana murza ka, ko kuma in sakamakonka ya yi kyau ka nemi NDA ta Kaduna, makarantar horar da hafsoshin soja da aka kafa a 1964, ka fito hafsa. A ɓangaren kurtu abin da aka saba nema shi ne shekara 18 zuwa 22 ga wanda ba shi da sana'a, tsawon mita 1.68 ga namiji, da sakamakon WAEC ko NECO mai Ingilishi a ciki, amma ka karanta sanarwar shekarar da kanka kar ka dogara da ji-ta-ji-ta. Bayan ka fito an tura ka bataliya ka yi aiki an ga halinka, a nan ne ake zaɓo waɗanda za su je kwas na musamman, irin wanda ake yi a Jaji ko makarantar sojoji na musamman da ke Buni Yadi a jihar Yobe. Sojan ruwa su ma suna da nasu, SBS, tun 2006. Ka ga kenan shekarunka 19 kana da sauran lokaci, gaggawar me kake?

Maganar rana tsaka ita ta fi damuna. Mutane na ɗauka wanda ya fi shan rana shi ya fi zama namiji. A watan Yulin 2013 sojojin Birtaniya uku suka rasa ransu sanadin zafi a wani tattakin tantancewa na shiga SAS, rundunarsu ta sojoji na musamman, a tsaunukan Brecon Beacons na ƙasarsu, mutane ne horarru ƙarfafa, kuma zafin can bai kama ƙafar na Gusau a watan Afrilu ba lokacin da ake haura digiri 40. In zafi ya buge mutum kai ke fara juyawa, magana ta rikice, sai faɗuwa. Ka dinga fita bayan sallar asuba, ka sha ruwa kafin da bayan, ka duba fitsarinka in ya yi ja kamar shayi to ruwa bai ishe ka ba. Ka kuma san jininka, in AS ne, wato kana ɗauke da ƙwayar gadon sikila, ka faɗa wa likita, don masu shi sun fi shiga haɗari in aka haɗa gudu mai tsanani da zafi da ƙishirwa.

In likita ya sallame ka, fara da tafiya da sauri, sannan gudun kilomita 3 sau uku a sati ba kullum ba, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Ranakun tsakani ka yi firesof da tsugunne-tashi da jan jiki sama a ƙarfen gola ko reshen bishiya mai ƙwari. Jaka sai bayan wata biyu ko uku, ka fara da kilo 8 zuwa 10, kuma tafiya ake yi da ita ba gudu ba, a ɗaure ta tamau a kafaɗa da ƙugu kar tana dukan baya. Ka samu takalmi mai taushin ƙasa, ba silifas ko kambas ɗin da ya cinye ba, ka fi bin turɓaya a kan kwalta. Wake, ƙwai, ƙuli-ƙuli, fura da nono, duk suna gina jiki ba sai ka sayi garin gwangwanin nan mai tsada ba. Barci ma horo ne.

Abu ɗaya da yaranmu na Arewa ke rainawa shi ne iyo. Na sha ganin ƙato majiyi ƙarfi ya tsaya bakin ruwa gwiwa na rawa. Ka nemi inda ake koyarwa da mai lura a kusa, kar ka je kududdufi ko dam kai kaɗai, ga nutsewa ga tsargiya.

Akwai kuma abin da ban so in tsallake. Ka ce ƙauyenku ne ya sa kake son aikin, na fahimta har raina. Amma soja ba ya zaɓar inda za a kai shi, ana iya tura ka Borno ko Neja Delta ka yi shekaru ba ka taka dajin Zamfara ba, kuma masu zaɓen nan mai sanyin kai suke nema, wanda zai kwana biyu ba barci ga yunwa amma ya karɓi umarni ya ɗauki kayan ɗan'uwansa da ya gaza, mai zafin ramuwa shi suke fara cirewa. Ka zauna da mahaifiyarka ka faɗa mata gaskiyar abin da kake nufi ka nemi albarkarta tun yanzu. In ka dawo daga asibiti ka sake rubuto min abin da likita ya ce game da ƙafar, sai mu tsara watannin farko tare.