Amsa: Wutar sola daga sama za ta ƙona saman iska?

Malam, ka tambaya ko tauraron ɗan'adam da zai tara hasken rana ya turo wutar zuwa ƙasa ta zangon microwave (wani nau'in siginar rediyo mai gajartar zango ƙwarai) zai ƙona saman iska. A'a, ba zai ƙona ba. Zangon da ake shirin amfani da shi, gigahaz 2.45 ko 5.8, ratsa sashen ayonosfiya (sashen saman iska mai cajin lantarki) yake yi ya wuce, ɗan kaɗan ne ke maƙalewa. Binciken da NASA, hukumar binciken sararin samaniyar Amurka, da ma'aikatar makamashin ƙasar suka yi a ƙarshen shekarun 1970 ma ya ƙayyade ƙarfinsa kan wat 230 a murabba'in mita, bai kai rubu'in ƙarfin rana tsaka ba.

Sharaɗin dai kada a zarce wannan ƙarfi sosai. In aka zarce, ƙasan sashen, wajen kilomita 60 zuwa 90, zai ɗumama ya riƙa shanye siginar gajeren zango. Mu da muka saba murɗa rediyo neman BBC mun san yadda wasu mitocin ke shaƙewa da rana, su washe bayan magariba. To, aikin wannan sashen ne. A ganina masu rediyo ya kamata su sa ido, ba manoma ba.