Amsa ga ɗan'uwan da aka sayar wa katin Osimhen mai sa hannun bugu

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na karanta tambayarka sau biyu. Ka ce ka ci gwanjon katin Victor Osimhen da aka rubuta cewa yana ɗauke da sa hannunsa, da ya iso ka tarar sa hannun bugawa aka yi da inji, ka yi wa mai kayan magana ya ce ai ya faɗa a cikin bayani, kai ne ba ka karanta ba. Kana tambaya ko laifinka ne, kuma ko akwai abin yi. Ina zaune a Amurka, tun 2018 nake sayen katunan 'yan ƙwallo, kuma na ɗanɗani irin wannan baƙin cikin, don haka bari in faɗa maka abin da na sani.

Da farko ka cire wa ranka cewa kai ne mai laifi. Mutumin da ya rubuta "sa hannu" da manyan baƙaƙe a kan take, sannan ya kai kalmar da ke nuna bugu ne can ƙasan bayani inda ya san ido ba zai kai ba, ya san abin da yake yi. Abin da ya fi ci mini rai a wannan harka ke nan. Yawancinsu ba sa shara ƙarya kai tsaye, gaskiyar suke ɓoyewa a lungu don ranar da ka kai ƙara su nuna ta. Wani zai maƙala harufa biyu, RP, a ƙarshen take, ma'ana kwafi ne aka sake bugawa. Wani zai rubuta "PSA 10?" da alamar tambaya, wato kamar PSA, kamfanin da ke tantance katuna yana ba su maki, ya ba shi maki mafi girma, alhali katin ko ƙofar kamfanin tantancewa bai taɓa zuwa ba. Wani zai kira katin da aka buga a 2023 katin farko na Osimhen, mutumin da ya buga wa Wolfsburg da Charleroi da Lille kafin ma ya je Napoli a 2020. Akwai masu sayar da katin da a cikin manhajar waya kawai yake, ba takarda ba ce, amma hoton da suka ɗora ba za ka bambance ba. Haka katunan da ake manna wa ƙyallen riga. Sai ka juya bayan katin ka ga kamfanin da kansa ya rubuta cewa ƙyallen ba daga wani takamaiman wasa ya fito ba, amma a take an ce rigar da ya buga wasa da ita ce.

Ni tawa ta same ni ne a kan katin wani ɗan wasan Super Eagles na gasar cin kofin duniya ta 2018, irin mai sheƙi da aka buga adadi kaɗan. Hotuna biyu mai kayan ya ɗora, duka katin na cikin ledarsa, an ɗauka a kan baƙin teburi. Na biya dala 85. Ranar da ya iso na zare shi daga leda na karkata shi a ƙarƙashin fitilar teburina, sai ga wani dogon karce daga kafaɗar ɗan wasan har zuwa gefe, ga kusurwa ɗaya ta ƙasa ta yi fari kamar an goga ta a bango. Na koma na buɗe hotunansa, sai na lura ashe babban yatsansa a kan wannan kusurwar yake daidai. Na daɗe ina kallon hoton nan. Ba kuɗin ne ya dame ni ba kamar yadda na gane cewa mutum ya zauna ya tsara inda zai ɗora yatsa don ya rufe aibi. Da na yi masa magana, amsarsa ita ce "ka duba hotuna, yadda ka gani haka yake". Tun daga ranar, duk wanda bai nuna mini gaba da baya da kusurwoyi huɗu ba, katin a waje da leda, ba na taya kayansa. Cinikin biri a sama na daina.

Akwai wani abu a cikin bayaninka da ka ambata a taƙaice, amma ni shi ya fi tsaya mini. Ka ce wani mai tayi ya yi ta bin ka da ƙarin dala ɗaya ɗaya har farashi ya kusa iyakar da ka sa, sannan ya yi shiru. Ka san yadda tsarin yake a shafukan gwanjo na intanet irin su eBay: kai za ka rubuta iyakar abin da za ka iya biya a ɓoye, na'ura ta riƙa taya maka kaɗan kaɗan. To maha'inci sai ya buɗe wani asusun, ko ya sa abokinsa, ya riƙa ƙara tayi ba don yana son kayan ba, sai don ya tura ka zuwa iyakarka. Wani ma zai wuce ka, ya ga inda ka tsaya, ya janye tayinsa ya ce kuskure ne, sannan ya dawo ya tsaya dab da kai. Idan kuma ya yi rashin sa'a shi ya ci, gobe za ka ga saƙo cewa wanda ya ci bai biya ba, ko kana so a farashinka na ƙarshe. Wannan shi ne najashi da malamanmu suke karantarwa a babin ciniki, wanda Manzon Allah (SAW) ya hana a hadisin Ibn Umar da ke cikin Bukhari da Muslim. Intanet ba ta canza masa hukunci ba, kuma a dokar Amurka ma zamba ce.

Kada ka ɗauka ƙananan 'yan kasuwa ne kawai. Bill Mastro, wanda ya taɓa mallakar ɗaya daga cikin manyan gidajen gwanjon kayan wasanni a Amurka, ya amsa laifin zamba a kotu a 2013. Ya yarda ana taya kaya na ƙarya a gidan gwanjonsa, ya kuma yarda shi ya datse gefunan shahararren katin nan na Honus Wagner, tsohon ɗan wasan baseball na Amurka, don ya fito tas. Katin nan shi ne Wayne Gretzky, shahararren ɗan wasan hockey na ƙanƙara, da abokin hulɗarsa suka saya dala 451,000 a 1991, PSA ta ba shi maki 8, aka zo aka sayar da shi dala miliyan 2.8 a 2007. An yanke wa Mastro ɗaurin wata 20. A watan Agustan 2021 kuma eBay ta dakatar da PWCC, ɗaya daga cikin manyan masu sayar da katuna a dandalinta, bisa zargin tayin ƙarya, duk da kamfanin ya musanta. Idan haka ta faru a inda ake zuba miliyoyi da idon masana a kai, ina ga katin dala 40 da ba wanda ke dubawa?

Shi ya sa ko katin da aka rufe a roba da maki ba na amincewa da shi ido rufe. PSA da Beckett da SGC da CGC su ne sanannun kamfanonin tantancewa, kuma za ka iya shigar da lambar da ke jikin robar a shafinsu ka ga ko ta dace da katin. Amma masu jabu suna kwafar lamba ta gaskiya su manna a robar bogi, don haka idan shafin ya nuna hoton katin, ka gwada shi da naka sosai. Akwai kuma ƙananan kamfanoni da ba wanda ya san su, kowane kati 10 suke ba shi. Wannan robar ba ta ƙara wa kati ko sisi.

Abin da nake yi yanzu ba wuya gare shi. Kafin in taya, sai na duba nawa aka sayar da irin katin a baya, ba nawa ake nema ba. Shafin 130point yana nuna wannan. In yanke iyakata, in haɗa da kuɗin aikawa, in jira sai saura daƙiƙa biyar ko shida a rufe sannan in sa tayi sau ɗaya. Mai najashi ba shi da lokacin da zai tura ni. Idan an wuce ni, shi ke nan, wani zai fito.

Game da naka katin, kada ka tsaya jayayya da shi a saƙo. Ka buɗe ƙorafi yau cewa kayan bai dace da yadda aka siffanta shi ba. Na ce yau ne domin a eBay, idan mai kaya ya rubuta ba ya karɓar mayarwa, wa'adin katuna yana iya zama kwana 3 kacal daga ranar da aka kawo. Ka ɗauki hoton taken yadda yake kafin ya taɓa shi. Ka ɗauki hoton sa hannun kusa kusa a karkace: tawadar alƙalami a saman sheƙin katin take zama, bugu kuwa yana shafe a cikinsa, kuma da gilashin ƙara girma za ka ga ɗigo ɗigo. Ka ɗauki bayan katin ma, domin katin Topps ko Panini, manyan kamfanonin buga katuna, mai sa hannu na gaskiya yana ɗauke da rubutun kamfani da ke tabbatar da hakan.

Abin da nake jin tsoro guda ne. Idan kana gida ne kuma ta adireshin masu jigilar kaya ka saya, suka karɓa a nan suka tura maka, to lissafin kwanaki ya fara tun ranar da ya isa hannunsu, kuma kariyar mai saye ba ta cika shafar kayan da aka sake turawa ta wani hannu ba. In haka ne, sauran hanyarka ita ce bankin da ka biya da katinsa, ka nemi su bi maka kuɗin. Ka turo mini hoton taken da na bayan katin a nan, ka kuma faɗa mini ranar da aka nuna an kawo shi, in taimaka maka rubuta ƙorafin da Turanci kafin dare.