Ƙiriniya ce ko ƙazanta? Amsa ga wata uwa daga Tawa

Wata baiwar Allah ta rubuto daga Tawa. Ta ce uwar mijinta ta zo ta tarar da tsakar gida kaca-kaca: kwanoni a ƙasa, zanen gawayi a bango, tabarma duk tsakin gero. Tana cikin ba da haƙuri sai tsohuwar ta yi dariya ta ce, "Bari, ɗiyata, mai ɗa wawa ne, kuma nan ba kango ba ne." Tana tambaya: zagi ne, ko me?

Malama, ba zagi ba ne. Wawan da ke cikin wannan karin magana ba marar hankali ba ne. Mutum ne wanda son ɗansa ya sa yake haɗiye abin da ba zai ɗauka daga wani ba. Yaro ya yi maka fitsari a sabuwar shadda ranar salla, ka yi dariya. To, wautar ke nan.

Kango kuwa ginin da ba kowa a ciki, ko wanda aka fara aka bari, ko wanda aka tashi daga gare shi. Idan gari ne dungum aka watse, shi ne kufai. Kango ba ya ɓaci don ba mai ɓata shi. Tsohuwar tana nufin gidanki a raye yake. Kuma ki lura da "ɗiyata" da ta ce miki, wanda ke fushi ba ya kiran mutum haka. (A Adar da Sakkwato har yara da yawa ana ce musu ɗiya, inda Bakano zai ce ƴaƴa.)

Sai dai a bambanta kalmomi. Ƙiriniya ita ce rashin zama wuri ɗaya na yaro, taɓa wannan, janye wancan. Ɓarna ita ce idan an yi hasara, kamar tulu ya fashe. Ƙazanta ta babba ce: ruwan wanke-wanke ya kwana yana tara sauro, fo ɗin yaro a buɗe ƙudaje na bi. Ni dai ban yarda a fake da "mai ɗa wawa" a bar wannan ba. Ƙurar hunturu kam, ko sau nawa aka yi shara kafin azahar ta dawo, ba laifin kowa.

Wani magidanci daga Bukoki a Yamai ya tambayi ma'anar "mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo". Malam, daga ɗakin laka da na ciyawa aka ɗauko ta. Baƙo yana ganin yaɓe ya yi kyau, amma wanda ya kwana ciki da damina shi ya san inda ake tara ƙwarya. Ana faɗa wa mai shisshigi cikin sha'anin gidan wani. Kana iya faɗa wa abokinka, amma kada ka gwada ta a kan surukarka.